Landan da hayaƙin kwal: unguwa-unguwa aka bi

Jama'a masu saurare barkanmu da war haka. Yau Landan zan kai ku, amma Landan ta watan Disambar 1952. Sanyi ya tsananta, kowane gida ya hura kwal yana ɗumama ɗaki, iska kuma ta tsaya cak, sai hayaƙin ya haɗu da hazo ya danne garin tun daga ranar 5 har 9 ga wata. Wallahi hazon hunturun da muka sani wasa ne a kan wannan. Kwandasta sai ya sauko riƙe da fitila yana tafiya a gaban bas direba na bin sa sannu sannu, har shanun da aka kawo wajen baje kolin dabbobi wasu sun shaƙe. Da farko an ce mutum kusan 4,000 suka rasu, daga baya masu bincike suka ce abin ya kai wajen 12,000.

Wannan ne ya haifi dokar tsaftace iska ta 1956. Ni abin da ya burge ni shi ne ba a wayi gari an ce kowa ya kashe wutarsa ba. Ƙananan hukumomi aka ba ikon su ware unguwa guda su ce daga rana kaza ba ma son ganin hayaƙi na fita daga saman rufin kowa a nan, in wannan ta zauna sai a matsa ta gaba, kuma kafin ranar ta zo za a canza maka murhu zuwa na gas ko na lantarki ko mai cin kwal marar hayaƙi, hukuma ta ɗauki kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kai ka cika sauran. Dama garuruwan Coventry da Manchester sun gwada wannan tsari tun kafin dokar.

Ba fa cikin ruwan sanyi aka yi ba. Garuruwan masu haƙar kwal sun ja ƙafa, kuma ni ban ga laifinsu ba, mutumin da ake ba shi kwal kyauta ko da rahusa a cikin haƙƙinsa na aiki ka ce ya bari ya je ya sayi na kuɗi, haba. A 1962 hazon ya sake dawowa Landan ya kashe ɗaruruwa, a 1968 sai aka ƙara doka ta ba minista ikon matsa wa duk hukumar da ke nawa.

Yanzu kuma abin mamaki, hayaƙin ya dawo ta wata ƙofa. Murhun icce ya zama kayan ado a falon masu hali, har a 2021 aka fara hana sayar da ɗanyen icce kaɗan kaɗan a Ingila, wanda kuma aka kama gidansa na hayaƙi a unguwar da aka hana, tarar fam 175 zuwa 300 ke jiransa.