Inji ya ci maka yatsu: wa zai cike takardar diyya?

Ku ɗauki misalin injin niƙa roba, irin wanda ya cika masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano. Ya shaƙe, ya tsaya, amma wutarsa a kunne take. Ma'aikaci ya zura hannu zai zaro abin da ya toshe shi, nauyi na sauka wuƙaƙen suka juya. Shi ya sa ake kashe wuta tun daga babban makunni, a sa kwaɗo, makullin yana aljihun mai gyaran.

In abin ya riga ya faru, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan da ya gutsure a naɗe shi a tsumma mai damshi, a ƙulle a leda, a ɗora ledar kan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar. Sai asibiti.

To, ga inda ake ta ruɗewa. Mutane suna rubuto mana cewa, "Ai manaja ya sani, shi ma ya kai ni asibiti, ina jiran diyyata." Ɗan'uwa, sanin manaja daban, neman diyya daban.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora biyan a kan NSITF, wato hukumar asusun inshorar ma'aikata ta Najeriya. Kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun duk wata, kuma haramun ne a cire ko kwabo daga albashinka don wannan. Wa'adi uku ne a ciki, ga su nan. Kwana 14 kake da su ka sanar da kamfani: sunanka, wuri, lokaci, da yadda raunin ya faru. Kamfani yana da kwana 7 ya kai wa hukumar rahoto. Na ukun naka ne kai kaɗai: takardar neman diyya, wadda kai za ka sa wa hannu, ko magada idan rai ya yi halinsa, cikin shekara ɗaya.

Wannan ta ukun ita ake bari ta wuce. Mutum yana gida yana jinya, ana aiko masa da ɗan abin cefane, ana cewa "ana kan magana," har shekara ta zagayo. Bayan nan sai da uzuri mai ƙarfi hukumar za ta saurare ka. Saboda haka kada ka jira kowa. Da ka samu ƙarfin tashi, ka je ofishin NSITF na jiharku da kanka, ka tambaya ko rahotonka ya iso, ka karɓi fom. Ka riƙe rahoton likita, da rasit na magani, da hoton raunin, da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Sanarwar kwana 14 ɗin ma, a ganina, a yi ta a rubuce, kwafi biyu, a buga maka hatimi a naka.

Ɗan kwantiragi ne kai, ko ɗan aikin yini, ko mai koyon aiki? Dokar ta haɗa da ku duka, ko da baki aka ɗauke ka. Wanda ya nakasa gaba ɗaya kuwa, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake biyansa wata-wata.

Sai takardar nan da ake kawowa gadon asibiti tare da ambulan ɗin kuɗi, wai ka sa hannu ka yafe. Abin yana ɓata mana rai ƙwarai, domin lokacin mutum ko biro ba ya iya riƙewa da kyau. Doka ba ta san da irin wannan yafiya ba. Ko ka riga ka dangwala yatsa, haƙƙinka yana nan, je ka cike fom ɗinka.