Monet da Duwatsun Belle-Île: Lacca Kan Zanen Gaɓar Teku

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Na gaban nan ku ɗan rage tsawo don na baya su ga hoton da aka haska a bango, domin a kansa maganarmu za ta tsaya yau.

Claude Monet, mai zanen nan na Faransa da aka haifa a 1840 ya rasu a 1926, shi ya yi wannan zane a shekarar 1886. Yanzu yana rataye a gidan adana zane-zane na Orsay da ke birnin Paris. Wurin da kuke gani gaɓar tsibirin Belle-Île ce, a yankin Bretagne na Faransa, ɓangaren da ke fuskantar Tekun Atilantika kai tsaye. Ba rairayi, ba jirgi, ba mutum ko ɗaya. Duwatsu ne tsaitsaye cikin ruwa, teku tana dukansu dare da rana.

Na san abin da ke ran wasunku, don na ga ana murmushi a can gefe: wai kamar mai zanen sauri yake yi, ya yaɓa fenti ya tafi. Ba ku kuka fara faɗa ba. Da Monet da abokansa suka baje kolinsu na farko a Paris a 1874, irin wannan ba'ar aka yi musu a jarida, aka ce ayyukan ba su ƙarasu ba. Salon nasu, Imfireshanizim, ƙoƙari ne na kama abin da ido ya gani a wani lokaci ƙayyadadde, kafin haske ya sauya. Abin da nake so in nuna muku shi ne, wannan da ya yi kama da gaggawa, wahala ce da lissafi a ƙarƙashinsa.

Mu fara da tsarin hoton. Ina sama take? Ɗan siririn layi ne can a ƙoli. Monet ya tsaya a kan tudun dutse yana kallon ƙasa, sai ruwa ya cinye kusan dukkan ƙyallen da yake zane a kai. Masu zanen teku na gabaninsa sukan ba gajimare babban fili, su sa jirgi a tsakiya don mai kallo ya san girman abin da yake gani. Shi ya cire duk wannan. Wannan dabara ta ɗaga layin sama tana da alaƙa da hotunan Japan da ake bugawa da katako, irin na Hokusai da Hiroshige, waɗanda Monet ya tara da yawa a gidansa na Giverny.

Yanzu a matso mana da hoton kusa. Yauwa, nan. Ku dubi dutsen. Daga nesa kun ɗauka baƙi ne, ko ba haka ba? To ku ƙirga abin da ke cikinsa: ruwan ƙasa, ja mai duhu, shunayya, shuɗi, har da ɗigon kore a saman da ciyawa ta kama. Ruwan kuma ba shuɗi ɗaya ba ne. Akwai kore, akwai shuɗi mai duhu, akwai shunayya, ga farin kumfa a gindin duwatsu. Sau da yawa ba ya dama launukan su zama ɗaya kafin ya shafa, ajiye su yake gefe da gefe, ya bar wa idonka aikin haɗawa. Duk wanda ya taɓa riƙe rigar saƙi ya san wannan: a hannu kana ganin zaren fari da na shuni kowanne daban, amma in mai rigar yana tahowa daga nesa, launi guda za ka gani. Masu zanen zamanin sun san aikin masanin kimiyya Chevreul, wanda ya bayyana tun 1839 yadda launi ke sauya kama gwargwadon wanda ke maƙwabtaka da shi.

Sannan sawun burushi. Wannan shi ya fi burge ni. A kan ruwa gajeru ne, lanƙwasassu, wasu kamar waƙafi, kowanne ya nufi nasa gefen, shi ya sa idonka ba ya samun wurin hutawa. A kan dutse kuwa fentin ya yi kauri, sawun ya gangaro daga sama zuwa ƙasa, ya ba shi nauyi. Da hannu kaɗai ya raba abin da ke motsi da abin da ke tsaye, bai ja wani baƙin layi ya kewaye su ba.

To yaya aka yi aikin? Monet ya sauka a tsibirin a watan Satumba da niyyar yin mako biyu, bai bar shi ba sai ƙarshen Nuwamba, ya koma gida da zane 39. A ƙauyen Kervilahouen ya zauna. Wani masunci da ake kira Poly shi ke ɗaukar masa kaya zuwa bakin gaɓa, har Monet ya zana shi ma. In iska ta taso, sai an ɗaure maɗorin zanen da igiya, a danne da duwatsu. Kuma ya san haɗarin, don shekara guda kafin nan, a Étretat, wani garin bakin teku a Faransa, igiyar ruwa ta taɓa make shi ta yi gaba da kayan aikinsa. Af, kada in manta: da ba a ƙirƙiro fenti na cikin ɗan bututun matsawa a 1841 ba, da fita da kaya irin wannan wuri ya yi matuƙar wuya.

Babbar matsalarsa yanayi. Ya fara zane rana na haske, kafin ya yi nisa hadari ya rufe, ruwan da yake kore ya koma toka-toka. Sai ya ajiye wannan ƙyallen ya ɗauki wani, ya jira ranar da hasken farko zai dawo. Ta haka duwatsun Port-Coton masu tsini da ke tsibirin kaɗai suka samu zane shida, ɗaya daga ciki yana gidan tarihin Pushkin a Mosko. Ashe wanda ake zargi da gaggawa, komawa wuri ɗaya yake ta yi yana jiran haske.

Dillalinsa, Paul Durand-Ruel, bai ji daɗin labarin waɗannan zanukan ba da farko, domin masu saye sun saba da Monet na rana da furanni da kogin Seine. Monet ya ba shi amsa a wasiƙa cewa bai kamata mutum ya tsare kansa a salo ɗaya ba. A ganina gaskiya na wajensa, ko da yake ba duka 39 ɗin ne suka kai wannan na bango ba. A wasu duwatsun sun yi cunkus har sun danne ruwan.

A tsibirin ne ya haɗu da ɗan jarida Gustave Geffroy, wanda daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa, da kuma John Peter Russell, mai zane ɗan Ostireliya. A 1887 an nuna wasu daga cikin zanukan a zauren baje kolin zane na Georges Petit a Paris. Wannan ɗabi'a ta zana abu guda a haske dabam-dabam ita ce ta girma ta haifar da jerin zanukansa na tarin hatsi na 1890 zuwa 1891, da na majami'ar Rouen bayan haka.

Shugaba yana nuna mini agogo. A bar hoton a bango, mu ji masu tambaya.