Hannun Garmaho na Itace, ko Muciya Ce Mai Tsada?

Habu: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau babu doguwar gabatarwa, don tun ranar da Ɗanlami ya tura hoton nan a zaurenmu na WhatsApp wayata ba ta huta ba. Har wani ya tambaye mu ko ya sayi hannun garmaho na itace, wato sandar nan da ke riƙe allura a kan faifai, ko kada ya saya.

Ɗanlami: Ni fa tambaya kawai na yi, Yaya Habu. Na ga sandar katako an goge ta tana ta sheƙi, aka ce wai hannun garmaho ne, kuɗinta kuma ya ninka na garmahona gaba ɗaya. Sai na ce, ko dai muciya ce?

Jummai: Muciya! Wallahi ko ni da na gani abin da ya fara zo mini ke nan.

Habu: To ku saurara. Wancan da ka tura aikin Frank Schröder ne, mutumin Balin a Jamus. Asalinsa gyaran agogo ya koya, shi ya sa aikinsa yake da ƙanƙanta da tsafta. Da hannu yake yi, ɗaya bayan ɗaya, in ka yi oda sai ka shiga layi ka jira. Abin da ya fi burge ni ma ba itacen ba ne. Hannun a jikin zare yake rataye, ga maganaɗisu biyu a ƙasa suna jan juna amma ba sa taɓa juna. Babu ƙarfen da ke gogar ƙarfe ke nan.

Jummai: Tsaya, Yaya. Ka ga ka fara kare kanka tun ba a kai ga shari'a ba. Mutane itacen suke tambaya. Me itace yake yi wanda alminiyom ba ya yi?

Habu: Ɗauki bututun alminiyom ki ƙwanƙwasa da farce, za ki ji "tiiin", amon ya daɗe. Ƙwanƙwasa katako, "ƙwas", shi ke nan ya mutu. Ita allura girgiza take karantawa a cikin tsagin faifai, kuma ba duka girgizar ke zama kiɗa ba, wata tana hawa cikin hannun. In hannun mai amo ne sai ta je ta dawo kan allura, ta gauraya da waƙar. Itace kuwa shanye ta yake yi.

Jummai: Na yarda da wannan. Amma masu yin na ƙarfe ai ba barci suke ba. Kamfanin Rega sun fito da hannunsu RB300 tun 1983, bututu guda aka zuba babu haɗi, kuma har yau mutane na jin daɗinsa. SME na Ingila tun 1959 suke wannan aiki. Sannan ƙarfe in ka yi dubu, duka dubun iri ɗaya ne. Itace fa? Ko daga bishiya ɗaya ka yanko biyu, ba za su zo daidai ba.

Habu: Ai shi ya sa ake yin sa da hannu. Mai yin zai zaɓa, ya auna, ya jefar da wanda bai yi ba.

Ɗanlami: Kamar dai mai sassaƙa muciya.

Habu: Ɗanlami, don Allah.

Ɗanlami: A'a, gaskiya nake faɗa! Kakarmu in za ta sayi muciya sai ta ɗaga, ta jijjiga, ta buga a tafin hannu. In ba ta yi mata ba ta ajiye. Ashe ita ma 'yar harkar ce ba mu sani ba.

Jummai: Kuma ita ba ta shiga layi.

Ɗanlami: Kuma tata tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyu. Wannan ta Balin ɗin me za ta tuƙa? Ko kunu ba za ta dama ba.

Jummai: Sai dai koko mai ruwa-ruwa.

Habu: Kun gama? To, abin ba sabo ba ne, wannan nake so masu sauraro su gane. Joseph Grado a Brooklyn, wanda ya kafa kamfaninsa a 1953, ya yi hannu na itacen walnut tun zamanin da faifan sitiriyo yake sabo. Kamfanin Grace na Japan suka yi G-714 da itacen teak, a kan tsini ɗaya yake zaune, masu tara tsofaffin kaya har yanzu suna farautarsa. Yanzu kuma ga Reed a Lituweniya, su har zaɓin itace suke ba ka: wenge, cocobolo, ebony, pernambuco. Ga Joel Durand a Seattle, malamin jami'a ne mai tsara kiɗa, ya yi nasa ya sa masa suna Talea.

Jummai: Wannan zaɓin ne yake ba ni dariya. Sai ka ji wani yana cewa wannan itace muryarsa zaƙi, wancan tasa ɗumi, kamar ana ɗanɗana miya.

Habu: A nan kam ina tare da ke rabi. Yawancin bambancin da suke ji, a ganina, nauyi ne. Ebony ya fi teak nauyi nesa ba kusa ba. Kan allura yana da ɗan roba a ciki mai lanƙwasa, to nauyin hannu da taurin robar nan su ke haɗuwa su ba da wata kaɗawa, ana so ta faɗa tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. In ta yi ƙasa, faifan da ya ɗan karkace zai riƙa jefa allurar. In ta yi sama, sai ta shiga cikin ƙaran ganga ta dagula shi. Ɗauki kan allura Denon DL-103, wanda aka yi wa gidan rediyon NHK na Japan a 1962, giram 2.5 ake ɗora masa. Robarsa tauri gare ta, hannu mai nauyi yake so. Ka sa shi a kan ebony ya zauna daram, sai mutum ya ce itacen ne mai albarka. Alhali lissafi ne ya daidaita.

Ɗanlami: To ni tambayata ta gaskiya yanzu. Hunturu fa? Ƙofar ɗakina da damina sai na sa kafaɗa kafin ta rufu, da hunturu kuma har ɓera na iya wucewa ta gefe.

Habu: Yauwa, ka yi tambayar hankali a karon farko. Itace yana shan raɓa yana sakewa. Masu yin suna busar da shi shekaru, su shafe shi da mai ko kakin zuma, amma wanda ya yi shi a Jamus ba da iskar Kano ya gwada ba. In da ni ne, duk sauyin yanayi zan sake ɗora allurar a kan sikeli, in duba ko kan ya karkace. Ƙura kuma, a rufe.

Jummai: Ga gara.

Habu: Garar da ta hau teburi ta ci hannun garmaho ai gidan gaba ɗaya ta riga ta cinye.

Ɗanlami: Amma me zai hana a yi da namu? Ga kirya, turmi ake yi da ita, shekara da shekaru ana daka ba ta tsagewa. Ga maɗaci. Ga kanya.

Habu: Kanya ai 'yar'uwar ebony ce, dangi ɗaya ne. Kuma wenge ɗin da suke taƙama da shi daga Kamaru da Kwango yake fita. Shi pernambuco, da shi ake yin sandar gogen Turawa, sunan ƙasar Birazil ma daga bishiyar aka samo, yanzu an sa masa takunkumin ciniki saboda ya kusa ƙarewa. Mu ma mun ga abin da aka yi wa madobiya a Taraba, tirela bayan tirela ana kaiwa Sin. Hannu ɗaya dai ba ya cin itacen da ya kai muciya...

Jummai: Ya faɗa da bakinsa!

Ɗanlami: A rubuta, minti nawa muke? Yaya Habu ya ce muciya.

Habu: Misali na bayar. Abin da nake cewa, sassaƙa sandar kowane kafinta mai haƙuri zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin juyawar, da huda rami siriri tsawon inci 9 ko 12 don wayoyi huɗu masu kaurin gashi su wuce ba tare da itacen ya tsage ba. Akwai wani abokinmu, ba zan faɗi sunansa ba, sanda uku ya fasa kafin...

Jummai: Yaya, ga kiran magariba can. Kuma mun ce za mu amsa wa wanda ya tambaya ko ya saya ko kada ya saya.

Habu: Af. To, ya fara gaya mana wane kan allura yake da shi tukuna. Mako mai zuwa.

Ɗanlami: Ni zan zo da muciyar gidanmu a auna ta.

Habu: Kashe abin nan, Jummai.