Sandar eriya mai shigewa cikin juna: yadda take aiki da yadda ake kafa ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Kun ga wannan abin, tsawonsa bai fi mita ɗaya da ɗoriya ba, amma in aka zare shi gaba ɗaya sai ya kai mita 10 a sama. Ita ce sandar eriya mai shigewa cikin juna, gaɓa-gaɓa take, ƙarama cikin babba, kamar dai eriyar ƙaramar rediyo da ake ja ta miƙe, sai dai wannan ƙatuwa ce. Masu ham rediyo, wato 'yan sha'awa masu lasisi da ke gaisawa ta iska ba layin waya ba intanet, su ne suka fi riƙe ta idan za su fita da kayansu fili ko kan dutse. Akwai ma wani shiri da ake kira SOTA da aka fara a Birtaniya a 2002, mutum ya hau dutse da rediyonsa a jaka ya yi kira daga can ƙololuwa, toh ka ga mai irin wannan hawan ai ba zai ɗauki ƙarfe mai nauyi ba.

Me ya sa ake wahalar ɗaga eriya sama? Da yawa in sun ga ba a jin su sai su ce bari a ƙara wat, wato ƙarfin da rediyo ke fitarwa. Toh ku ji, in ka ninka ƙarfin rediyonka sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarfin sigina, wanda ke sauraronka da kyar zai ga bambanci, sai ka ninka sau huɗu kafin allurar siginarsa ta matsa lamba ɗaya, ga batir yana ta zuba. Amma tsayi fa? A zangon rediyo na mita 2, wato wajen megahaz 144, sigina kusan a miƙe take tafiya kamar gani da ido, eriyar da ke mita 2 daga ƙasa iyakarta a shimfiɗaɗɗen fili wajen kilomita 6 ne, ka ɗaga ta mita 10 sai ya zama wajen kilomita 13. A gajeren zango kuma lissafin daban ne, wayar eriya da aka miƙe a kwance in tana kusa da ƙasa yawancin siginar sama take yi ta faɗo nan kusa da kai, in ka ɗaga ta kamar rabin tsawon zangon sai ta kwanta ta nufi nesa. A zangon mita 20 rabin nan mita 10 ne. Kun ga dalilin da ya sa ake son sanda mai mita 10 ko 12.

Iri uku za ka fi gani. Ta faibagilas, ta alminiyam, sai ta kabon. Ni dai ga mai amfani da eriyar waya faibagilas nake zaɓa, saboda wuta ba ta bin jikinta, za ka iya manna waya a jikinta tun daga sama har ƙasa ba ta taɓa maka lissafi ba, kuma waya mita 10 a tsaye ita ce rubu'in zangon mita 40, ka shimfiɗa 'yan wayoyi a ƙasa kewaye da gindin shikenan ka samu eriya. Kamfanin Spiderbeam na Jamus yana yin irinta mai mita 12 har da mai 18. Ta kabon ta fi sauƙin ɗauka sosai amma wuta tana bin ta, in waya ta kwanta a jikinta tana canza yanayin eriyar, don haka a rataye ake sa mata waya ta yi nesa da jiki. Ta alminiyam ta masu ɗora yagi ce, wato eriya mai jerin ƙarafa irin ta talabijin, tana da nauyi, ta mai mota ce.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe, dan Allah. Tsayin da aka rubuta a kwali ba shi ne tsayin da za ka mora ba. Gaɓar ƙarshe ta sama siririya ce kamar tsinke, siririyar waya kawai take iya ɗauka, in ka rataya mata tsakiyar eriya da wayar kowaks, wadda ke haɗa eriya da rediyo, tana reto sai ta lanƙwashe kamar sandar kamun kifi, iska ta ɗan kaɗa ka ji ƙas. Abin yi shi ne ka sauko gaɓa biyu ko uku inda ta yi kauri ka ɗaure a nan, sannan ka bi kowaks ɗin da salatif ka manne shi a jikin sandar don nauyin ya bi jiki ya sauka. Wato mai mita 10 ka ɗauka 7 ko 8 ce a hannunka in eriyar mai saukowa gefe biyu ce, kuma bakin wayoyin biyu a buɗe su sosai kar kusurwar ta gaza digiri 90.

Wajen kafawa, daga siririyar gaɓa ake fara zarewa, ka ja ka ɗan murɗa ta kama. In ta faibagilas ce ko ta kabon, yawanci matsewa ce kawai ke riƙe ta, ba kusa ba makulli, shi ya sa in ruwa ya shiga ko iska ta yi ta jijjiga ta sai ka ji ta zube cikin juna lokaci guda, wani sa'in har bakin gaɓa ya tsage. Ka naɗa salatif a kowace mahaɗa, ko ka sa kilif mai roba a ciki in za ta kwana a tsaye. Igiya uku ake ɗaura mata a rarrabe daidai wa daida, kowace da turkenta, kuma a nemi igiyar da ba ta miƙewa, nailan yana ja kamar roba. Mai mota kuma akwai faranti mai bututu da ake taka shi da taya a zura sandar a ciki.

Kafin duk wannan, ɗaga kai ka duba sama. Wayar lantarki tana kashe mutum, kar ka ce ai faibagilas ce, ai akwai wayar tagulla a jikinta, kuma jiƙaƙƙiyar sanda ba abin yarda ba ce. Ka kafa ta inda ko ta faɗi ta kowane ɓangare za ta bar aƙalla mita 3 tsakaninta da layin wuta. Ka ji tsawa ko daga nesa ne, cire kowaks daga rediyo ka sauke ta, hira ta jira.

In za ka sauke, daga babbar gaɓa ta ƙasa za ka fara, ka murɗa ka riƙe ka sake ta a hankali, kana goge kowace da tsumma tana shiga. Yashi in ya maƙale tsakanin gaɓoɓi yana cin jikin, wata rana su ƙi kamawa ko su ƙi rabuwa. In ta jiƙe, ka isa gida ka buɗe murfin gindin ka zare su duka su sha iska kafin ka ajiye.