Kakar Márquez da Ruwan Saman Macondo

Jama'a, assalamu alaikum. Abubuwa uku na yi niyyar kawo muku game da Gabriel García Márquez, marubucin ƙasar Kolombiya: rayuwarsa, salonsa da siyasarsa.

Na farko, an haife shi ranar 6 ga Maris, 1927, a garin Aracataca, kuma a hannun kakanninsa na wajen uwa ya tashi. Kakansa namiji tsohon kanar ne da ya yi yaƙin basasa, amma ni tsohuwar, Tranquilina, ita ce ta tafi da hankalina. Takan ba da labarin matattu masu yawo cikin gida da irin muryar da za ta ce maka gishiri ya ƙare, fuskarta ko gezau. Ku riƙe wannan, ko gezau. Shi da bakinsa ya ce sai da ya kama wannan murya sannan ya iya rubuta Cien años de soledad, wato shekara ɗari ta kaɗaici, wanda ya fito a Buenos Aires a 1967.

Ku dubi Remedios a cikin littafin, budurwar da tana cikin taya ninke zannuwan gado iska ta ɗauke ta zuwa sama, uwargida Fernanda kuwa ta yi ta roƙon Allah ya dawo mata da zannuwanta. Ina ganin masu dariya a baya, to haka yake. Ruwan saman Macondo, ƙirƙirarren garin da labarin ya faru a cikinsa, shi ma shekara huɗu da wata goma sha ɗaya da kwana biyu ya yi. Wa zai ƙaryata mutumin da ya ƙirga har kwana biyun?

Na uku, au, na biyu ke nan ko? Lokaci ya ƙure, saboda haka a gurguje: ya yi aikin jarida, ya karɓi lambar Nobel a 1982, ya rasu a birnin Meziko a 2014.

Tambaya daga zaure: Malam, wannan ba tatsuniya ba ce kawai?

Malama, mai tatsuniya takan buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san ƙirƙira ce. Márquez ba ya ba ka wannan alama. A Disambar 1928 sojoji sun buɗe wa ma'aikatan gonakin ayaba na kamfanin United Fruit wuta a Ciénaga lokacin da suke yajin aiki, kuma wannan ya faru da gaske. A littafin, an loda gawarwaki a jirgin ƙasa an nufi teku da su, wanda ya tsira kuwa da ya dawo gari, kowa ya ce masa ba a kashe kowa ba.