Kafin ka yi fomat, karanta littafin da kwamfutarka ke rubutawa

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a wani darasin.

Kun ga wannan laftof ɗin da ke gabana? Ta wata ɗaliba ce da ke rubuta aikinta na kammala karatu. Ta ce tana cikin aiki sai kwamfutar ta daskare, linzami ya ƙi motsi, wani lokacin kuma ta mutu gaba ɗaya ta sake tashi da kanta. Sau 2 ana yi mata fomat a wani shago, duk lokacin a ce mata bairos ne. Ta biya kuɗi, ta rasa hotunanta, ciwon kuma yana nan daram. To, yau ba za mu yi canki-canka ba. Kwamfutar da kanta za mu tambaya, domin duk abin da ya same ta tana rubutawa, da rana da awa har da daƙiƙa, kamar yadda ake rubuta katin marar lafiya a asibiti. A Windows, inda ake karanta wannan rubutun sunansa Event Viewer.

Ga yadda ake buɗe shi. Ka danne maɓallin da ke da tambarin Windows, ka haɗa da harafin R. Wani ɗan akwati zai fito a ƙasa. Ka rubuta eventvwr.msc, ka danna Enter. In haruffan sun yi maka wuyar riƙewa, ka danna tambarin Windows da harafin X, za ka ga sunan a jerin da zai fito. Ka ɗan yi haƙuri, a tsohuwar kwamfuta yakan ja lokaci kafin ya buɗe.

Yawwa, ya buɗe. Ku dubi gefen hagu, akwai Windows Logs. In ka danna za ka ga rassa 5, amma mu 2 kawai muke so yau. System, nan ake rubuta labarin ita kanta kwamfutar: kunnawa, kashewa, faifan ajiya, direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfutar. Sai Application, inda ake rubuta labarin manhajoji, irin su Word da Chrome. Bari mu shiga System.

Ga shi nan. Na san wani yanzu gabansa ya faɗi, ya ga jajayen alamomi da rawaya sun cika allo. Kwantar da hankalinka, malam. Ko sabuwar kwamfuta fil a kwali ka kunna, ka yi kwana 2 da ita, sai ka tarar da ja a nan. Ga misali, wannan da aka rubuta DistributedCOM, lamba 10016, ya fito ya fi a ƙirga. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce a ƙyale shi, ba ya cutar da komai. Kuma ku sani, 'yan damfara sun daɗe suna cin abinci da wannan shafin. Wani zai kira ka ya ce daga kamfani yake, ya sa ka buɗe nan, ya ce ka ga jajayen nan duk bairos ne, turo kuɗi ko ka ba ni dama in shiga kwamfutarka in gyara. Ka kashe wayarka kawai.

To in ja ba shi ne abin dubawa ba, mene ne? Lokaci. Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya. Da ɗalibar nan ta kawo, abin da na fara tambayarta shi ne, yaushe kwamfutar ta mutu na ƙarshe? Ta ce jiya, bayan ta idar da sallar isha'i ta zauna kenan, wajen ƙarfe 8 da rabi. Shi ke nan, ta ba ni bakin zaren. Saboda haka kai ma, duk sanda kwamfutarka ta yi maka tsiya, ka dubi agogo ka rubuta a takarda. Sai dai ka tabbata agogon kwamfutar daidai yake. Tsofaffin nan na gwanjo, da yawa ɗan batirin da ke riƙe musu lokaci ya mutu, sai ka ga rubutun na nuna wata shekara can baya, lissafi ya rikice.

Yanzu mu tace. A gefen dama akwai Filter Current Log, ku danna. A sama inda aka rubuta Logged, ku zaɓi kwana 7 na baya. Ku sa alama a Critical da Error, sai OK. Kun ga yadda tarin ya ragu?

Ga abin da nake nema: Kernel-Power, lamba 41, jiya da ƙarfe 8 da minti 34. Ku buɗe kunnuwanku da kyau a nan, don mutane da yawa sukan ɓata a wannan wurin. Suna ganin kalmar Power sai su ce ai wuta ce, su ruga su sayi sabuwar caja. Lamba 41 ba ta faɗa maka dalili. Abin da take cewa kawai, kwamfutar ta tashi ta tarar ba a kashe ta yadda ya kamata ba a karon baya. Kamar mai gida ne ya dawo ya ga ƙofa a buɗe: ya san an shiga, bai san wa ya shiga ba. Kuma a lokacin da ta sake tashi ake rubuta ta, ba lokacin da ta faɗi ba. Abokiyar tafiyarta ita ce lamba 6008, ita kuma takan kawo kusan lokacin da abin ya faru.

Amma 41 tana da wani ɗan aljihu da ba kowa ke leƙawa ba. Ku danna ta, a ƙasa ku bar General ku koma Details. Ku nemi layin BugcheckCode. In kun ga 0, to Windows bai ma samu damar yin ihu ba, an yanke shi ne lokaci guda. Nan sai ka yi tunanin ɗauke wutar NEPA a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, na'urar batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, ko laftof mai mataccen batir da bakin cajarta ke rawa, ko zafi. Zafin watan Afrilu ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, kwamfuta takan kashe kanta don kada ta ƙone. Akwai kuma layin PowerButtonTimestamp. In ba 0 ba ne, wani ne ya danne maɓallin kashewa da hannunsa har ta mutu. Sau tari da wannan layin nake gane cewa yaran gida ne, ba kwamfutar ba.

In kuma BugcheckCode ya nuna wata lamba, to shuɗin allon nan da Windows kan nuna in ya faɗi ne ya faru, ko da ba ka gani ba saboda saurin da ta sake tashi. Ka ce ka ga 159. Wannan a lissafin yau da kullum aka rubuta ta, amma a shafukan Microsoft da lissafin tushe 16 suke sa ta. Ka buɗe kalkuletar Windows, ka sa ta a Programmer, ka rubuta 159, za ta ba ka 9F. Ka nemi 0x9F a intanet, za ka ga matsalar direba ce da ya kasa bin umarnin barci ko farkawa. Ko kuma ka nemi lamba 1001 mai suna BugCheck kusa da wurin, ita kai tsaye take kawo lambar a shirye.

Tamu dai 0 ce, kuma layin maɓalli ba 0 ba ne. Ma'ana, jiya kwamfutar daskarewa ta yi, ɗalibar ta gaji ta danne maɓalli. To me ya daskarar da ita? Sai mu koma baya kaɗan. Ku sake buɗe tacewar nan, ku ƙara alama a Warning, mu dubi mintunan da suka gabaci 8 da rabi.

Allahu akbar. Ku matso da idonku nan. Inda aka rubuta Source an sa disk, lamba 7. Ga wata, ga wata, ga wata, a jere cikin minti 3. Saƙon na cewa na'urar tana da bad block, wato wani gurbi a jikin faifan ajiya ya lalace, ba ya karantuwa. Ga kuma lamba 153 a tsakani, ita tana cewa an nemi karatu ko rubutu ya ƙi, sai da aka sake gwadawa. Wannan ita ce daskarewar: kwamfuta na ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba za a buɗe ba, komai ya tsaya yana jira. Had dis, wato faifan ajiyar, ne ke mutuwa. Ka yi fomat sau 10, a kan ruɓaɓɓen faifan nan za ka sake zuba Windows. Abin da ya fi ba ni takaici, minti 5 bai cika ba muka gano, amma an karɓi kuɗinta sau 2.

Abu ɗaya kafin ka yanke hukunci: ka karanta lambar faifan a cikin saƙon, Harddisk0 ne ko Harddisk1. In akwai filashi ko faifan waje a jone, yana iya zama shi ne mai laifin. Ka buɗe Disk Management, inda Windows ke jera faya-fayan da ke jone, ka ga wane ne Disk 0, wane ne Disk 1. Tamu 0 ce, kuma faifai ɗaya ne tak a ciki.

Ga gargaɗi, don Allah ku riƙe. In ka ga lamba 7 tana maimaituwa, kada ka fara da chkdsk, wato umarnin Windows na binciken faifai, kada ka fara da wata manhajar gyara. Wannan binciken yana sa faifai aiki mai tsanani, kuma faifan da ke kan gargara yana iya ƙarasawa a hannunka. Ka kwashe kayanka tukuna, mafi muhimmanci a gaba.

Bari in leƙa Application a gurguje, don wani matsalarsa manhaja ɗaya ce ke rufewa da kanta. Ka nemi Application Error, lamba 1000. Layi 2 za ka karanta: Faulting application name, wato wadda ta faɗi, da Faulting module name, wato ɓangaren da ya kayar da ita. In sunan ɓangaren na wata manhaja ce daban, misali ta firinta ko ta kashe bairos, to ka san inda za ka nufa. In kuma kwamfutarka na sake tashi da dare ba ka san dalili ba, ka nemi lamba 1074 a System, za ta faɗa maka wace manhaja ce ta ba da umarnin. Galibi sabuntawar Windows ce, ba aljanu ba.

Wanda duk wannan ya yi wa yawa, akwai hanya mai sauƙi. Windows da R, ka rubuta perfmon, ka bar fili, ka sa /rel. Zai kawo maka jadawali rana-rana, da jan alama a ranar da aka samu matsala, har da abin da aka girka a ranar. In matsala ta fara ranar Talata kuma ranar Talata aka sa sabon direba, ai ba sai an kira boka ba.

In ka koma Event Viewer, kada ka danna Clear Log, goge shaida ne. In za ka nemi taimako, ka danna Save All Events As, ya ba ka fayil mai ƙarewa da evtx, ka tura wa mai gyaranka ta WhatsApp. Kuma kada ka yi jinkiri, domin littafin na da iyakar girma, kusan megabait 20 a yadda ya zo, in ya cika sabon rubutu kan hau kan tsoho.

To, ni bari in jona faifan waje in fara da jakar aikin ɗalibar nan, babi na 4 ta ce shi ne ba ta da kwafinsa ko'ina. In ya kwafu lafiya, a darasi na gaba za mu cire wannan faifan mu sa mata SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya, tare da ku. Wassalamu alaikum.