Wata Ɗaya, Magariba Daban-daban: Hira Daga Birnin Kebbi

Aminu: Assalamu alaikum masu saurare, daga Birnin Kebbi muke. Ga Malam Usman, ga Anti Hadiza. Malam, wani ɗan uwana ne da ke karatu a Malesiya ya kira ni a azumin 2025, ya ce mu mun tashi da azumi ranar Asabar, 1 ga Maris, su kuwa sai Lahadi. Har yana tambaya ko mun yi gaggawa.

Malam Usman: Ba ku yi ba, su ma ba su makara ba. Haihuwar wata, wato lokacin da ya daidaita tsakanin duniya da rana, sau ɗaya take faruwa ga kowa. Waccan shekarar an haife shi ranar Juma'a, 28 ga Fabrairu, wajen biyu saura kwata na dare a agogonmu. A Makka huɗu saura kwata ke nan, don sun riga mu da awa 2. A Malesiya gari ya waye, tara saura kwata.

Anti Hadiza: To Malam, in lokacin ɗaya ne, ina aka samu saɓani?

Malam Usman: A faɗuwar rana. Ai ba a neman jinjirin wata sai bayan magariba, kuma kowa da tasa magaribar. Da rana ta faɗi a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, watan bai cika awa 11 da haihuwa ba. A Makka ya kusa awa 15. Kafin ta faɗi a nan Birnin Kebbi, wajen bakwai saura, ya kai awa 17. Duk awar da ta ƙaru, yana ƙara nisa da rana, yana ƙara kauri. Shi ya sa na yamma kan fi na gabas samun sauƙin gani.

Aminu: Ashe mu 'yan Kebbi muna da rabo.

Malam Usman: Ɗan kaɗan. Agogonmu ɗaya da Maiduguri, amma rana kan faɗi a can fiye da rabin awa kafin nan. Sai dai in hazo ya rufe sama, rabin awar ba ta tsinana maka komai.

Anti Hadiza: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar "watan jiya". Kakata, Allah ya jiƙanta, in ta ga jinjirin ya yi kauri sai ta ce an ci mana kwana ɗaya. Har yau mata a unguwarmu haka suke cewa, kuma da zafi.

Malam Usman: Anti, wannan na daɗe ina jin ta. Duba nan: a ce an haifi wata da azahar. Magaribar ranar bai wuce awa 5 ko 6 ba, ba idon da zai kama shi. Washegari kuwa ya kusa awa 30. Sai ya fito da kauri, ya daɗe bai faɗi ba, alhali daren farko ne da ido ya iya ganinsa. Zagayensa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi ya sa wani watan 29, wani 30.

Aminu: Amma Malam, mutanen Kamba fa? Gaya ta Nijar tana nan kusa da su, agogo ɗaya, sama ɗaya, amma akan yi shekarar da sallarsu ke bambanta.

Malam Usman: Wannan kam ba ruwan agogo. Hukuma ce. Mu sanarwar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, muke jira, bayan kwamitin ganin wata ya tantance shaidun da suka zo ta hannun sarakuna da hakimai. Nijar tana da nata tsarin. Kuma saɓanin gari da gari tsoho ne. Ya zo a hadisi cewa wani tabi'i mai suna Kuraib ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, da ya dawo Madina sai Ibn Abbas ya ce su daren Asabar suka gani, kuma da ganinsu za su yi aiki. Malamai dai sun yi saɓani a kan fahimtar wannan, kowa da hujjarsa.

Anti Hadiza: To manhajar waya fa? Yarana sai su ce waya ta nuna wata ya tsaya.

Malam Usman: Haihuwa ta nuna musu, ba tsayuwa ba. Kuma su duba agogon da manhajar ke aiki da shi. Wasu da lokacin GMT suke lissafi, sai ka ƙara awa 1. In haihuwar ta zo sha ɗaya da rabi na dare a can, a nan har kwanan wata ya canza.

Aminu: To ranar 29 ga wata, ina za mu tsaya?

Malam Usman: Ku fita bayan gari inda ba fitilu, ku fuskanci inda rana ta faɗi, ku duba sama da wurin kaɗan. Kada ku ce sai bayan an sha shayi, jinjirin daren farko sau da yawa ba ya kai awa ɗaya a sama.

Anti Hadiza: Ni dai da yaran zan je, su ajiye wayar a gida.